Motar Tsere Mai Giyar Hannu A Zangon Akra: Abin Da Wata Ukun Farko Ke Koya Wa Mai Ita

A tsakaninmu 'yan kasuwa, tun daga Aflao har zuwa Jibiya da Illela, in aka ce mota mai giyar hannu ce, abin da ke fara zuwa a rai shi ne motar neman abinci, wato tirela da tifa da tasi, ko kuwa ƙananan bas-bas ɗin nan da mutanen Gana ke kira trotro. Wanda ya samu buɗi kuwa otomatik yake nema, don ƙafarsa ta hagu ta huta. To amma akwai wata irin mota da kan ɓullo jefi-jefi a Akra wadda ta birkita wannan lissafi. Motar tsere ce ta alfarma, mai ƙofa biyu, wadda kuɗinta zai sayi tasi da yawa, amma in ka leƙa cikinta sai ka ga feda uku da sandar giya, tamkar ta direban tasha.

Dalilin da ya sa muka ga ya dace mu yi wannan bayani shi ne, da yawa daga cikin masu karatunmu suna taɓa harkar motoci, wasu kuma akan kawo musu irin wannan mota a madadin bashi, ko wani ɗan'uwa da ke waje ya turo hoto ya ce ta faɗi warwas a gwanjo, a haɗa kuɗi a ɗauko. Kafin mutum ya ce to, yana da kyau ya san yadda zama da ita yake a watannin farko, musamman a unguwanni irin su Nima da Maamobi.

Yadda giyar talaka ta koma ta masu kuɗi

A Amurka, inda yawancin irin waɗannan motoci ke fitowa, sababbin motoci masu giyar hannu da ake sayarwa ba su kai biyu cikin ɗari ba. Manyan kamfanonin motocin tsere irin su Ferrari da Lamborghini sun daina yin ta fiye da shekara goma da suka wuce. Chevrolet Corvette da ta fito a 2020 ma otomatik kaɗai ta zo. Da abu ya yi ƙaranci sai ya yi daraja. A 2016 kamfanin Porsche ya ƙera wata mota mai suna 911 R, guda 991 kacal, dukansu masu giyar hannu, aka wawashe su, waɗanda suka samu kuma suka riƙa sayarwa a kan kuɗin da ya zarce na kamfani nesa ba kusa ba. Shekara guda bayan haka kamfanin ya mayar da giyar hannu a samfurinsa na GT3, bayan ya cire ta a 2013.

Ke nan a can, mai sayen irin wannan mota ya san otomatik ta fi sauri, da gangan ya zaɓi ya riƙa canja giya da kansa, kamar yadda mai sha'awar doki ke son ya ji linzami a hannunsa. A nan kuwa, mai saye yana ganin feda uku zai ce a rage masa kuɗi. Wannan saɓani shi ne tushen duk abin da za mu faɗa a ƙasa.

Domin bayani ya fito sarai, bari mu ɗauki mota guda a matsayin misali, wato BMW M4 da aka ƙera daga 2014 zuwa 2020. Injinta mai silinda shida ne, girmansa 2,979cc, da turbo biyu, da ƙarfin doki 425, da giya shida. Daga tsaye takan kai gudun kilomita 100 cikin daƙiƙa huɗu da 'yan kai, kuma kamfani ya ɗaure ta kada ta wuce kilomita 250 a awa. Abin da za mu faɗa game da ita ya shafi 'yan'uwanta irin su Porsche Cayman da Ford Mustang, sai ɗan bambancin da ba a rasa ba.

Makon farko

Gaskiya ɗaya ce, makon farko akwai daɗi, kuma ba za mu ɓoye wa mai karatu ba. Duk wanda ya koyi tuƙi a Peugeot 504 ko tsohuwar Datsun, da ya zauna a ciki hannunsa zai gane hanya. Sandar giyar gajera ce, ba ta lilo, tana shiga da ɗan ƙarfi. Kujerar tana ƙasa, har mutum ya ji kamar a tabarma yake zaune. In ka sauko daga giya ta huɗu zuwa ta uku, motar da kanta take ɗan ƙara wuta don kada ta fizge ka, aikin da tsofaffin direbobi ke yi da ƙafa. In ka tsaya a kan tudu kuma takan riƙe birki na ɗan lokaci har ka saki kuloci.

Wurin da ake jin daɗinta a kusa da Akra shi ne hawan dutsen Aburi, daga Ayi Mensah zuwa Peduase, inda hanya ke ta murɗewa. A can giya ta biyu da ta uku ke nuna amfaninsu, mutum ya shiga kwana ya fita ba tare da motar ta yi tangaɗi ba. Sai dai a kula, safiyar Asabar da Lahadi hanyar cike take da masu motsa jiki a ƙafa. Akwai kuma babbar hanyar Akra zuwa Tema, mai tsawon kilomita 19, wadda aka buɗe a 1965 zamanin Kwame Nkrumah. Amma dokar hanya ta Gana ta 2012 ta tsayar da gudu a irin wannan hanya a kilomita 100, a cikin gari kuwa 50. Motar da muke magana a kai tana cika wannan ƙa'ida tun giya uku ba su ƙare ba. Wato abin da mutum ya biya kuɗi a kai, ko rabinsa doka ba ta ba shi damar taɓawa ba.

Gosulo, abokin gabar kuloci

Bayan mako guda sai a koma rayuwar yau da kullum. Mazaunin Nima ko Maamobi ya san yadda babban titin unguwar yake, musamman ranar Laraba da kasuwa ke ci, manyan motoci na sauke hatsi da albasa, masu kura na kai da kawowa, trotro na tsayawa inda ya ga fasinja, babura na kutsawa ta ko'ina. Daga shataletalen Nima zuwa Maamobi ba wata tafiya ba ce, amma mai giyar hannu zai taka kuloci har ya daina ƙirgawa. Kulocin motar tsere ya fi na ƙananan motoci nauyi, saboda an yi shi ne ya riƙe ƙarfin babban inji. Kafin wata ya ƙare gwiwar hagu za ta fara ba da labari.

Gajiyar ƙafa ma mai sauƙi ce. Babbar ɓarnar ita ce ɗabi'ar nan ta riƙe mota da rabin kuloci a cikin cunkoso, ana ɗan ja ana ɗan tsayawa. A lokacin farantin kuloci yana gogar ƙarfe ne yana zafi, yana cinyewa a hankali, kuma alamar farko ita ce wari kamar na ƙonannen birki. A tasi wannan gyaran yini guda ne, kayan ma suna nan birjik. A M4 kuwa farantin biyu ne, sai an sauke giyabos gaba ɗaya, kuma sau da yawa sai an haɗa da babban faifan ƙarfen da ke tsakanin inji da kuloci, wanda shi ma kuɗi ne mai nauyi. Hanyar tsira ita ce mutum ya bar tazara, ya saki kuloci duka, ya bar motar ta yi rarrafe a giya ta ɗaya. Amma kowa ya san a Akra in ka bar tazarar mota guda, kafin ka ƙifta ido wani ya cike ta.

Ƙasa-ƙasa kamar kunkuru

Abu na biyu da ke bayyana a watan farko shi ne tsayin motar. Tsakanin cikinta da kwalta kimanin santimita 12 ne, alhali Hilux tana da fiye da 20. Tudun rage gudu, da bakin kwalbati, da gangaren shiga gidan mai, duk sai an bi su a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, na baya suna ta danna oda. A M4 akwai wani ƙaramin lagireto mai sanyaya baƙin mai da aka kwantar a can ƙasan gaba. Dutse ɗaya ko kan kwalbati in ya fasa shi, baƙin mai zai tsiyaye, in direba bai lura ya kashe nan take ba, injin ya tafi ke nan.

Sai kuma damina. Mutanen Akra ba su manta da daren 3 ga Yuni 2015 ba, lokacin da ambaliya da gobara suka haɗu a kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, mutum fiye da 150 suka rasu. Ko ba a kai ga haka ba, ruwan Mayu da Yuni kan cika magudanu ya hau titi cikin ɗan lokaci. Ruwan da trotro zai ratsa yana fantsama, ita wannan motar in ta shaƙe shi ta hanyar iska, sai dai a nemi wani injin. Don haka da hadari ya haɗo, mai ita zai fara tunanin inda ya ajiye ta.

Ajiyar ma wani aiki ne. Nima unguwa ce da ta fara tun shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa ya zauna a wurin, ta kuma cika ta batse ba tare da an yanka wa kowane gida hanyar mota ba. Yawancin lunguna ƙafa da babur kaɗai ke shiga. Saboda haka mai motar zai kwana a gida, ita kuma ta kwana a wani fili ko bakin titi a hannun mai gadi, ana biya duk wata.

Mai, taya da fita

Tankinta lita 60 yake ci. A ƙiyasin hukumomin Amurka, a cikin gari lita guda ba ta wuce kilomita bakwai da ɗan abu ba, a cunkoso irin namu da na'urar sanyi a kunne kuwa sai abin da ya yi ƙasa. Sannan ba kowane fetur take so ba. Kamfani ya ce kada ƙarfin man ya gaza lamba 95, alhali fetur na gama-gari a Gana lamba 91 ne. Ana samun mai lamba 95 a wasu manyan gidajen mai na Akra da Tema, da ƙarin kuɗi. Amma ɗan kasuwar da ya kama hanyar Aflao, tafiyar kusan kilomita 190, ya tsallaka Lome, ya nufi arewa, ya san akwai wuraren da man kwalba da na jarka ne kaɗai a gabansa. Injin turbo mai allurar fesa mai ba ya yafe gurɓataccen fetur. Wannan mota ce ta zaman gari, ba a fatauci da ita.

Tayoyinta na gaba da na baya ba girmansu ɗaya ba, saboda haka ba a juya su, kuma gefensu siriri ne, rami ɗaya kan fasa taya ya lanƙwasa rim. Safaya babu, sai wani ɗan famfo da ruwan liƙi a but. Baƙin mai kuwa na musamman ne, sama da lita shida, kuma babu sandar duba shi, sai dai a tambayi kwamfutar motar.

Makanike, wanda a Gana ake ce wa fita, shi ne babban abin nema. A kasuwar Abossey Okai, da Kokompe, da Suame Magazine ta Kumasi, kusan babu kayan Toyota ko Hyundai ko Nissan da za ka nema ka rasa. Kayan motar tsere mai giyar hannu kuwa sau da yawa sai an yi oda daga Jamus ko Amurka ko Dubai, a jira makonni, mota tana zaune tana shan ƙura. Murfin injinta na alminiyom ne, rufinta kuma na wani irin zare mai ƙarfi da ba ya lanƙwasa sai dai ya tsage, don haka gudumar mai gyaran jiki ba ta da aiki a wurin. Abin da ya fi dacewa shi ne a nemo fitan da ke da na'urar binciken irin motar tun kafin a biya kuɗinta.

Idon jama'a

A zango babu ɓoyo. Ranar da motar ta iso, kafin magariba labari ya kai majalisun shayi. In mai ita borga ne, wato wanda ya dawo daga Hamburg ko Bronx, za a ce ai dama. In matashi ne da ba a san sana'arsa sosai ba, sai a fara raɗe-raɗin sakawa, kalmar nan ta Hausa da ta zama sunan damfarar intanet a duk faɗin Gana. In kuwa ɗan kasuwa ne, masu ba shi kaya bashi za su fara tambayar kansu ko da kuɗin wa aka saya, masu neman taimako kuma su ninka.

Ga kuma maganar aro. Al'adarmu ce in ana biki ko Sallah a nemi motar ɗan'uwa a shiga ayari. Otomatik kowa zai iya ja. Wannan kuwa in ka ba yaron da bai ƙware ba, yamma ɗaya ta isa ya ƙone kulocin, ko ƙarfin ya kwashe masa bayan mota a kwana, tunda tayoyin baya ke ja. In ka hana a ce ka yi rowa, in ka bayar ka kwana da fargaba. A gida ma ƙofa biyu ce, tsohuwa ba za ta iya sunkuyawa ta shiga baya ba, buhun shinkafa biyu sun cika but, uwargida kuma in a otomatik ta koya, motar ba tata ba ce. Ƙarshenta dole a riƙe wata motar ta biyu.

Takardu kafin fenti

Yawancin irin waɗannan motoci daga gwanjon motocin hatsari na Amurka da Kanada suke zuwa, a sauke su a tashar Tema a gyara. Motar tsere kuwa ba kasafai take shiga gwanjo don ƙaramin ƙwarzane ba. Akwai waɗanda ambaliya ta shanye, irin ta guguwar Harvey a 2017 da Ian a 2022, waɗanda jikinsu lafiya lau amma wayoyinsu na ruɓewa a hankali. Lambar shasi mai harafi da lamba 17 ita ce ke tona asiri. In ka sa aka bincika ta a intanet, sau da yawa har hotunan ranar gwanjo za ka gani.

Lambar nan kuma ita ke raba mutum da kayan sata. A Disamba 2022 hukumar EOCO mai binciken laifukan tattalin arziki a Gana ta kwashe manyan motoci 37 daga wuraren sayar da motoci a Akra, bisa zargin an sato su daga Amurka da Kanada. A 2025 ma ta karɓi wata Lamborghini Urus daga hannun mawaƙi Shatta Wale, bisa buƙatar hukumomin Amurka da suka danganta motar da shari'ar damfarar wani mutum dabam. Darasin shi ne, ko da kuɗinka ka saya, in asalin motar da matsala, kai za a raba da ita.

Kuɗin fito yana hawa ne da girman inji, kuma motar da ta haura shekara goma ana ɗora mata tara, wadda ke ƙaruwa da tsufanta. M4 ta 2014 da ta 2015 duk sun shiga wannan sahu. Dokoki kuma suna canjawa. A 2018 gwamnati ta sa harajin shekara-shekara a kan motocin da injinsu ya kai 2,950cc, daga sidi 1,000 zuwa 2,000, wanda da 29cc kacal ya kama motar misalinmu, sannan aka soke shi a 2019. A 2020 majalisa ta yi dokar hana shigo da motocin hatsari da waɗanda suka wuce shekara goma, gwamnati ta dakatar da aiwatarwa kafin ta fara aiki. Saboda haka a tambayi ejan abin da ke ƙasa a makon da za a yi oda, kada a dogara da lissafin bara.

Ranar sayarwa

A nan ne ɗan kasuwa ya kamata ya fi natsuwa. Corolla kuɗi ce a hannu, in ka sa ta a kasuwa yau, kafin mako ta tafi. Manyan masu kuɗin Akra kuwa Land Cruiser suke so, su zauna a baya direba ya ja. Matasan da ke sha'awar motar tsere, da yawansu a otomatik suka koya. Waɗanda suka iya giyar hannu sosai, wato direbobin haya, ba su da kuɗinta. Masu saye na gaskiya 'yan ƙalilan ne, kuma sun san kai ke neman su.

Tsallaka iyaka da ita ma ba kamar da ba ne. Tun 1 ga Janairu 2017 Nijeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, abin da ya girgiza kasuwannin motoci na Kwatano, juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 kuma ya jawo rufe gadar Malanville da Gaya. Ga kuma canji. A farkon 2022 dala tana wajen sidi shida, kafin ƙarshen shekarar ta haura 14, sannan a 2025 sidi ya farfaɗo daga wajen 15 zuwa kusan 10 cikin 'yan watanni. Wanda ya sayi mota dala tana sama, ya zo sayarwa ta sauko, ya yi asara ko da bai taɓa tayar da ita ba. Kayan da ke juyawa cikin mako biyu suna iya guje wa irin wannan, motar da za ta yi wata takwas tana jiran mai saye ba za ta iya ba.

Shawararmu

Ba mu ce kada kowa ya saya ba. Wanda ke son tuƙi don tuƙin kansa, yana da wata motar ta zirga-zirga, yana da wurin ajiya mai tudu, ya kuma samu fitan da ya san ta, zai ji daɗin da otomatik ba ta bayarwa, kuma irin waɗannan motoci ƙara ƙaranci suke yi a duniya. Amma ya saya da ribar da ya riga ya cire, wadda in ta narke shago ba zai girgiza ba, ya kuma ware kuɗin kuloci da tayoyi huɗu a gefe tun ranar farko.

Wanda kuwa aka kawo wa ita don ya juya kuɗi, ko a madadin bashi, to ya yi mata kuɗi da farashin da za ta fita a Akra cikin wata guda, ya manta da abin da ake cewa tana yi a Amurka. Ya duba lambar shasi, ya ga takardun kwastan na asali, ya sa a ɗaga ta a leƙa ƙasanta, ya kuma ja ta da kansa daga Kawukudi zuwa kasuwar Nima ranar Laraba da rana tsaka. In ya fito daga wannan cunkoso yana son ta har yanzu, to sai a zauna a yi ciniki. Hausawa dai sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi.